Abin da Tahira Za Ta Sha

Gezawa, 9 ga Yuni

Zuwa ga Hajiya Aina'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ke da mutanen gida da jikarmu Tahira. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Humaira, Ya sa ta huta.

Na kira wayarki sau huɗu tun ranar Juma'ar da na baro gidanku, ba ki ɗauka ba. Shi ya sa na ɗauki biro, na ba Sabiru direba ya miƙa miki.

Hajiya, tunda ɗanki Abdulkabir ya koma bakin aikinsa a Abuja ya bar miki 'yarsa, ke ce ya kamata na gaya wa abin da na gani. Wata biyu ke nan da rasuwar uwarta, wata biyu kuma ke nan tana shan madarar shanunki safe da yamma. Kumatunta da bayan gwiwoyinta duk ƙuraje ne, ta sosa har sun fashe. A gabana kika ba ta madara da ludayi, ba a yi rabin awa ba ta amayar da ita a zanina. Na duba kashinta, na ga majina da ɗan jirwayen jini. Da na yi magana kika ce haƙori take yi.

Ba haƙori ba ne. Ni na haifi uwarta, kuma haka ta yi lokacin da na yaye ta. Sai da na daina ba ta duk abin da ya fito daga saniya sannan fatarta ta kwanta. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar madarar shanu, komai tsabtarta. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da girki da kula da iyali a makarantar 'yan mata, ba a bakin rijiya na ji wannan ba.

Ga mudu biyu na waken suya nan. A jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa sosai har ƙarnin ya fita. Shi za a riƙa ba ta a maimakon madara. Mako biyu kawai nake roƙo a gwada.

Ki gaida Malam Abdulmumini, ki shafa min kan Tahira.

Wassalam. Ni ce,
Malama Halimatu Sadiya


Tudun Maƙera, Dawakin Tofa, 13 ga Yuni

Malama Sadiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Tahira ma lafiya. Haƙuri mun gode Allah.

Takardarki ta zo, na karanta ta da kaina, don ni ma na zauna ajin yaƙi da jahilci ko da ban koyar a makarantar 'yan mata ba. Kiranki kuwa ina gani, ɗauka ne ban yi ba.

Wakenki na ba awaki, sun cinye.

'Ya'ya bakwai na yaye a gidan nan da madarar shanun turkena, babu wanda ya nakasa. Kabirun da 'yarki ta gani ta ce shi take so, da wannan madarar ya yi ƙashi. Ni nake wanke hantsar saniya da hannuna kafin na tatsa, ni nake dafa madarar. Yanzu ga ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, madara ta yi kauri har maiƙo yana tasowa a kai, sai ki ce na hana marainiya na ba ta ruwan wake? Malama, wake ba shi da hantsa. In an markaɗa shi an tace, fari kawai ya yi, farar ƙasa ma in an dama ta fari take yi. Abin da muka san ana yi da shi awara ce, a soya a sayar da yaji a bakin titi.

Ƙurajen na zafi ne da haƙori. Ina yi mata wanka da sabara.

Na san inda maganar ta dosa. Ranar sadakar uku, da hannuna na dama miki fura da kindirmon da na ware, a sabuwar ƙwarya, kika sa bayan hannu kika ture ta a gaban mata fiye da ashirin. Har yau ana yi min zancen a unguwa. Tun da aka ɗaura auren nan kike ganinmu ƙauyawa masu warin shanu. To, mun ji. Amma jikata ba za ta zama abin gwada darasinki ba.

A gaida mutanen Gezawa.

Aina'u


Gezawa, 17 ga Yuni

Hajiya Aina'u,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki. Allah Ya amfana awakin.

Tunda kin kawo maganar fura, ga gaskiyarta. Ni ma nono ba ya zama a cikina. In na sha ludayi uku, yinin nan a bayan gida zan yi shi. Kunya ce ta hana ni faɗin haka a gidan surukai, ranar da 'yata ta kwana uku a ƙasa. Da kin tambaye ni da na raɗa miki a kunne, amma kika zaɓi ki kai zancen unguwa.

Kin ce kin yaye bakwai, ban musa ba. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da jinin Humaira yake jikinsa. Madarar saniya abinci ce mai kyau ga wanda cikinsa ya karɓa, ga wanda bai karɓa ba kuwa cuta ce. Waken da kike rainawa yana gina jiki kusan kamar nama.

Sabarar da kika ambata ita ta tuna min da abin da ya faru. Kwana huɗu 'yata ta yi tana zazzaɓi a gidanki kuna ba ta jiƙe-jiƙe, sai a rana ta biyar aka nemi mota. Ban taɓa furta wannan ba, na haɗiye saboda zumunci. Ba zan sake haɗiye wani ba.

Kin sani, Malam Abdulmumini ƙanin mijinki ma ya fi ni sani tunda shi yake limanci, cewa in uwa ta rasu, riƙon ɗa a shari'a yana komawa hannun uwar uwa ne kafin uwar uba. Kara na yi miki na bar miki ita. Jiya na yi waya da Abdulkabir. In zuwa ƙarshen wata ba a daina ba ta madarar nan ba, ko ba a kawo min ita ba, zan je gaban alƙali, kuma ba zan ji kunyar kowa ba.

Ki huta lafiya.

Halimatu Sadiya


Tudun Maƙera, 2 ga Yuli

Malama,

Salamu alaikum. Ga yarinya nan Sauda yayar Kabiru ta kawo miki. Burinki ya cika. Malam ya kira ni ya ce shari'a tana bayanki, Kabiru kuma ya yi ta roƙona a waya kada a kai sunan gidan ubansa kotu. Don su na sake ta, ba don tsoron alƙalinki ba.

Maganar da kika yi a kan marigayiya, Allah Yana ji. Tun rana ta biyu na ce a tafi asibiti. Ita ta ce min, "Inna, zazzaɓin sauro ne, na sha ƙwaya, in aka kwantar da ni wa zai ba Tahira nono?" Ranar da muka tafi, kanta a cinyata yake tun daga ƙofar gida har Kano. Ni na riƙa nanata mata kalmar shahada, ni na shafe mata ido. Ke kina Gezawa. Ban ce laifinki ne ba, amma ke kin ce nawa ne, kuma kin rubuta shi da biro. Na ajiye takardar a ƙarƙashin akwatina.

Ga abin da ya kamata ki sani. Ba ta barci sai ta kama kunnen wanda ta kwanta kusa da shi. Tana tsoron zakara. In kin ji ta ce "mo", madara take nema, sai ki san abin da za ki gaya mata. Na sa ɗan man shanu a kwalba, a shafa mata a ƙafa bayan wanka.

Kafin ta fita na auna damtsenta da hannuna, ya cika tsakanin babban yatsana da manuni daidai. Zan zo na sake aunawa.

Aina'u


Gezawa, 6 ga Agusta

Zuwa ga Hajiya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata damina tana yi muku kyau, ku da shanunku.

Na yi shiru mako biyar ne don kada a ce na yi saurin magana. Yanzu ga labari. A kwana na goma amai ya tsaya. A mako na uku ƙurajen suka bushe, fatar kumatunta ta koma sumul kamar ba a taɓa yi ba. Babu majina, babu jini. Ban yi mata wanka da ganyen komai ba, ban kai ta wurin kowa ba. Abu ɗaya na cire, abu ɗaya na sa.

Kullum da hannuna nake yi mata madarar, sabuwa, ba ta kwana. Ina tace ta sau biyu, na sirka ta sosai don kada ta yi wa cikinta nauyi, na sa ɗan sukari. Da ita da kunu take yini. Tuwo ta ƙi shi, ni kuma ban matsa mata ba tunda tana shan abin da ya fi shi. Ta daina rigimar nan da aka ce tana yi muku, inda aka ajiye ta nan za ta zauna shiru. Har ta fara cikowa, kumatu da ƙafafu sun yi ɓul-ɓul, takalmin da kika sa mata ya daina shiga.

Man shanunki na mayar miki yadda ya zo, ban buɗe ba.

Ban rubuto don na ji kin ce na yi gaskiya ba, na san ba za ki ce ba. Na rubuto ne don in wata uwa a unguwarku ta zo miki da yaro mai irin wannan larura, kada ki ce mata haƙori ne.

Wassalam.

Malama Halimatu Sadiya


13 ga Agusta, a tsakar gidanki

Malama,

Salamu alaikum. Na zo ban same ki ba, Huseina matar ƙaninki ta ce kin tafi Kano tantance 'yan fansho. A takardar littafin 'yarta nake rubuta wannan, a kan turminki.

Tun da na karanta cewa takalmi ya daina shiga na kasa zama. Na tarar da ita a tabarma, ƙuda a bakinta ba ta ko kore shi ba. Na kira sunanta ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Na danna bayan ƙafarta da yatsa, na ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Gashinta ya yi ja, na shafa ya biyo hannuna. Na kama damtsenta, yatsuna suka haɗu har suka wuce.

Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ni ban yi shekara ashirin da shida a aji ba, amma na ga irin wannan a jikin yara shekarar da aka yi yunwa ina amarya, kuma na san inda yake kai su. Na buɗe fulas ɗin da kika bari, na zuba a tafin hannuna, ina hango zanen hannuna ta cikinsa. Da wannan kika riƙe min jika kwana arba'in? Fata ta yi sumul, cikin fatar kuma babu komai.

Huseina ta tare ƙofa ta ce na jira ki. Na ce mata ta matsa. Na goya ta, mun tafi. Yau da yamma za ta sha madarar gaske, ta saniyar da ta haihu watan jiya.

Ki je wurin alƙalin. Ki tafi masa da fulas ɗin ya gani.

Aina'u


Kano, 19 ga Agusta

Zuwa ga Inna da Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina neman afuwa tun kafin na fara. Takarda ɗaya ce na rubuta sau biyu, ɗaya ta Dawakin Tofa ɗaya ta Gezawa, babu kalmar da ta bambanta. Abin da ke ciki ba zan iya kallon idonku na faɗa ba.

Mama, har yanzu ba ki ji yadda abin ya faru ba, don Inna ta ƙi magana. Da suka isa gida da la'asar ta dafa madara ta ba Tahira rabin kofi. Kafin a ɗauraye kofin leɓenta ya kumbura, idonta ya rufe, numfashinta ya koma fito. Inna ta fita da ita titi ba mayafi ba takalmi, ta tsaya a gaban wata motar hatsi sai da direban ya taka birki. A asibiti aka yi mata allura aka sa mata iska. Ni washegari na iso daga Abuja.

Kun ji likita da kunnenku, amma kowace ta ɗauki rabin da ya yi mata daɗi, shi ya sa zan maimaita duka. Ya ce wa Inna, "Hajiya, da kun ƙara minti ashirin a hanya da ba wannan maganar muke yi ba. Madararki ba ta da aibu ga wani yaron, amma ga wannan guba ce. Ba madara, ba nono, ba man shanu, har ta akuya." Ya ce ko gyaɗar leda da ake ba yara masu tamowa ba za a ba ta ba, don akwai madara a ciki. Ya ce wataƙila in ta girma jikinta ya karɓa, amma a asibiti za a gwada, ba a gida ba.

Sannan ya juya ya tambayi Mama, "Gwangwanin wake ɗaya, ruwa kofi nawa kike sawa?" Kika ce goma sha biyar. Ya ce, "Me take ci bayan wannan?" Kika ce kunu. Ya ajiye biro ya ce, "Malama, kin gano cutar, amma yunwa ta kusa kashe ta a hannunki. Madarar wake sai da kauri, kuma ita kaɗai ba ta riƙe yaro. Tana buƙatar ƙwai, kifi, awara, ƙuli, zogale, da mai a abinci."

Kwana biyar kuka yi a ɗakin nan, Inna a dama da gado, Mama a hagu. Ba wadda ta gaida wata. In ɗaya ta miƙa hannu za ta gyara mata zani, ɗayar ta riga ta ja. Ranar Laraba da ta farka tana kuka, kowace ta kama hannu guda, har ma'aikaciyar jinya ta ce duk ku fita. Ina tsaye ina kallo, na rasa wadda zan ba haƙuri.

Na binne matata wata huɗu da suka wuce. Ba zan binne 'yata don a gane wadda ta fi sani a cikinku ba.

Kumburin ya fara sauka, jiya ta ci rabin ƙwai. In an sallame mu gidan Yaya Sauda za ta zauna a nan Kano. Ba za ta je Dawakin Tofa ba, ba za ta je Gezawa ba, sai ranar da kuka zo ƙofar Yaya Sauda tare, kuka gaya min da baki ɗaya inda za ta zauna da abin da za ta ci. In kotu za a je, wannan karon ni zan je da takardar likita.

Ku yafe min in na yi rashin kunya.

Ɗanku,
Abdulkabir


Gezawa, 28 ga Agusta

Hajiya Aina'u,

Assalamu alaikum. Na san takardar Abdulkabir ta same ki.

Ba zan ɓoye ba, ɗaukar yarinya daga gidana ba na nan sata ce, kuma madarar da kika ba ta bayan duk abin da na gaya miki ganganci ne. Wannan ba zan janye ba.

Amma akwai abin da ban gaya wa likita ba. Kwana shida kafin ki zo, ni ma na danna ƙafar. Na ga ramin. Na ce wa kaina kwanciya ce ta yi a kai, na ja zani na rufe. Da na kai ta asibiti a ranar, da sai an ji a Tudun Maƙera, ni kuma ban so ki ji ba. Abin da na koyar shekara da shekaru, na gan shi a tabarmata na kau da kai. Da ba ki zo ba, ban san ranar da zan yarda ba.

Sauda tana da nata biyar, ga aikin ɗinki, ba za ta iya da abincin Tahira sau shida a rana ba. Shawarata ita ce wata guda a wurina, wata guda a wurinki, da sharaɗin ba za a shigo da ƙwaryar nono ɗakin da take ba.

Ina jiran amsa.

Halimatu Sadiya


Tudun Maƙera, 1 ga Satumba

Malama,

Wa alaikumus salam. Wata guda nan wata guda can ban yarda ba, yarinya ba buhun dawa ba ce da za a riƙa jigila da ita.

Ni ba zan iya barin shanu ba, ke kuwa ba ki da turke. Ina da zabi goma sha ɗaya suna ƙwai, ga zogale a bayan ɗaki. Na gwada yin madarar taki sau uku, biyu ta kama a tukunya, ta ukun ni kaina na kasa sha. Ki zo ki zauna a nan zuwa kaka, ki riƙa yin ta da kauri ina tsaye ina gani. Tatsa a bayan gida za a riƙa yi, na sayi sabbin kofuna biyu nata ita kaɗai.

Abin da kika rubuta a kan Humaira ban yafe ba tukuna. Ke ma ban ce ki yafe nawa ba.

Ranar Laraba zan shiga motar ƙarfe bakwai. Ki jira ni a bakin layin su Sauda, kada ki riga ni shiga. Ba sai mun yi hira a hanya ba.

Aina'u